Kalkuleta Casio fx-991ES PLUS a aikin lissafin filin da'ira: inda take da amfani da inda take buƙatar hattara

Mai aikin famfo, mai haɗa wayar lantarki, mai ɗaurin rodi da ɗalibin lissafi duk suna cin karo da tambaya iri ɗaya: an san diyamita, wato tsawon layin da ya ratsa tsakiyar da'ira daga gefe zuwa gefe, ana son girman filin da ke cikinta. Ƙa'idar gajera ce. A ninka diyamita da kanta, a ninka da π (lambar da ake kira pai, kusan 3.14), a raba gida 4, wato π × d² ÷ 4. Wanda ya fi son bi ta radiyos sai ya fara raba diyamita biyu, ya ninka rabin da kansa, sannan ya ninka da π. Amsar ɗaya ce. A kan wannan aiki kaɗai muka auna Casio fx-991ES PLUS, kalkuleta ta kimiyya mai ayyuka 417 wadda ke aiki da hasken rana tare da ƙaramin batir LR44 guda ɗaya. Hukuncinmu shi ne na'urar ta cancanci a saye ta, lissafinta daidai ne, kuma tana da maɓalli ɗaya da ke rage wahala sosai wanda yawancin masu ita ba sa taɓawa. Sai dai yadda take karɓar rubutu yana da tarkuna uku ko huɗu da za su iya ba mutum amsar da ba ita ba ce, ba tare da wani gargaɗi a allo ba.

A fara da π. Ba shi da maɓallin kansa. Yana saman maɓallin ×10ˣ da ke layin ƙasa, an rubuta shi da launin rawaya, don haka sai an danna SHIFT kafin a same shi. Ga da'ira mai diyamita santimita 10, jerin dannawar shi ne: SHIFT, ×10ˣ, alamar ninkawa, 10, x², alamar rabawa, 4, sannan =. Abin da zai fito a allo shi ne 25π. Wannan amsa ce cikakkiya wadda ba a guntule ta ba, kuma malamin lissafi zai ji daɗinta, amma wanda zai yanka ƙarfe lamba yake so. Maɓallin S⇔D ne ke juya ta zuwa 78.53981634. Akwai gajeriyar hanya: idan aka danna SHIFT kafin =, amsar za ta fito da ɗigo kai tsaye. Wanda kullum lamba mai ɗigo yake buƙata zai iya shiga SHIFT, MODE, ya zaɓi 2, wato LineIO, tsarin da ke rubuta lissafi a layi ɗaya, ya huta da wannan juyi gaba ɗaya.

Allon yana nuna lambobi 10, amma a cikinta na'urar tana riƙe π a matsayin 3.14159265358980. Ana iya tabbatar da haka ta hanyar debe 3.141592653 daga π, ragowar da ke ɓoye za ta bayyana. Wannan ne ke kawo ɗan saɓani da littafin makaranta. Idan diyamita 14 ce, mai amfani da 22/7 zai sami 154 cif, mai amfani da 3.14 zai sami 153.86, kalkuleta kuma ta ba da 153.93804. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Bambancin 22/7 da ainihin π kusan kashi 0.04 cikin 100 ne, na 3.14 kuma kusan 0.05. Ɗalibi dai ya lura: idan tambayar jarrabawa ta ce a ɗauki π a matsayin 22/7, to a rubuta 22 ÷ 7 da hannu, kada a taɓa maɓallin π, domin mai duba takarda 154 yake nema.

Yanzu tarkunan. Casio ta gina wannan samfuri a kan nuna lissafi kamar yadda ake rubuta shi a takarda: lambar ninki tana hawa sama, kaso yana da sama da ƙasa, alamar tushe (√) tana rufe abin da ke ƙarƙashinta. Yana da kyau ga ido, kuma yana rage kuskuren baka-biyu a dogon lissafi. Matsalar ita ce ɗan layin da ke ƙyaftawa a allo, mai nuna inda rubutu zai sauka, ba ya fita daga waɗannan akwatuna da kansa.

Tarko na farko yana maɓallin xⁿ, wanda ke zaune dab da x². Idan mutum ya rubuta π × 10, ya danna xⁿ, ya sa 2, sannan ya ci gaba da ÷ 4 ba tare da ya danna kibiyar dama ba, to ÷ 4 ɗin ya shige cikin lambar ninki. Na'urar za ta lissafa 10 a kan ninkin 2 ÷ 4, wato tushen 10, ta ba da kusan 9.93 maimakon 78.54. Rubutun saman ƙanana ne, ido mai gaggawa ba zai ga cewa ÷ 4 ya ɗan ɗaga sama ba. Maganinsa mai sauƙi ne: a aikin da'ira a riƙa amfani da x² kawai, domin shi ba ya buɗe akwati.

Na biyu ya shafi masu bi ta radiyos. Rubuta π × 10 ÷ 2 sannan x² ba ya nufin an ninka rabin diyamita da kansa. Na'urar tana fara ninka 2 da kanta, ta sami 4, ta raba, amsar ta zama 7.854. Abin da ya sa wannan kuskure yake da haɗari shi ne a diyamita 10 lambobin sun yi kama da na gaskiya, ɗigon ne kawai ya matsa wuri ɗaya. Dole a rubuta π × (10 ÷ 2)². Haka nan idan aka yi amfani da maɓallin kaso, aka danna x² alhali ana cikin gidan ƙasa, 2 ɗin kaɗai za a ninka. Saboda wannan muke ba da shawarar a riƙe sigar d² ÷ 4 duk lokacin da diyamita ce a hannu. Babu baka-biyu a cikinta, babu inda za a ɓace.

Na uku ba kuskure ba ne a wannan na'ura, amma dole a san shi. Sau da yawa ba a iya auna diyamita kai tsaye, kamar a jikin itace, ginshiƙi ko bututun da aka riga aka shimfiɗa, sai a zagaya da tef a sami kewaye. Filin da'ira daga kewaye shi ne kewaye² a raba da 4π. A fx-991ES PLUS, ninkawar da ba a rubuta alamarta ba tana gaba da rabawa, don haka ga kewaye mai santimita 157, rubuta 157² ÷ 4π yana nufin a raba da 4π gaba ɗaya, kuma amsar daidai ce: kusan murabba'in santimita 1961.5. Amma da zarar an sa alamar ninkawa a fili, 157² ÷ 4 × π, na'urar za ta bi daga hagu zuwa dama, ta raba da 4 sannan ta ninka da π, amsar ta kumbura kusan ninki goma. Wasu kalkuletoci da manhajojin waya kuma suna ɗaukar 4π kamar 4 × π. Wanda ke yawo tsakanin na'urori daban-daban ya saba wa hannunsa rubuta ÷ (4 × π) da baka-biyu.

Abin da ya fi ba wannan na'ura daraja a wannan aiki shi ne maɓallin CALC. Maimakon a sake rubuta ƙa'idar a kan kowace diyamita, sai a rubuta ta sau ɗaya da harafi. Harafin D yana kan maɓallin sin, da jan launi, ana samunsa da ALPHA. A rubuta π × D² ÷ 4, a danna CALC. Allo zai tambaya: D? A sa 12, a danna =, a sami 36π, wato 113.0973355. A sake danna CALC, a sa 16, a sami 201.0619298. Mai lissafin rodi zai gane waɗannan lambobi nan take: murabba'in milimita 113 da 201, girman yankan rodi mai milimita 12 da mai 16. A cikin minti ɗaya an gama da 8, 10, 20 da 25, waɗanda ke ba da 50.3, 78.5, 314.2 da 490.9. Lambobin suna kashe wani kuskure da ya yaɗu: rodi biyu masu milimita 8 ba sa maye gurbin ɗaya mai 16. Biyun sun haɗa 100.5 ne kacal, rabin 201. Idan diyamita ta ninka biyu, fili ninki huɗu yake yi. Rodi biyu masu 12 kuwa sun kai 226, sun ɗan zarce ɗaya mai 16 a yawan ƙarfe, ko da yake sauya girman rodi a gini hukuncin injiniya ne, ba na kalkuleta ba.

CALC yana karɓar haruffa fiye da ɗaya, kuma a nan ne yake ceton mai lissafin bututu. Girman ƙarfen da ke jikin bangon bututu shi ne filin da'irar waje a debe na da'irar ciki: π × (A² − B²) ÷ 4. Na'urar za ta tambayi A, sannan B. Ɗauki bututun ƙarfe da ake kira mai inci 2, na aji 40 a kaurin bango. Diyamitarsa ta waje milimita 60.3 ce, ta ciki kusan 52.5. Amsar ita ce murabba'in milimita 691. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a fara debe 52.5 daga 60.3 sannan a ninka ragowar da kanta, a ninka da π, a raba gida 4, abin da ke ba da 47.8, lambar da ba ta wakiltar komai. Wannan misali yana nuna wani abu da kalkuleta ba za ta taɓa faɗa wa mai ita ba: sunan bututu ba awonsa ba ne. Inci 2 milimita 50.8 ne, kuma babu inda wannan bututu yake da 50.8, ciki ko waje. Wanda ya sa 50.8 zai sami 2027 a matsayin hanyar ruwa, wanda ya sa 60.3 zai sami 2856, ainihin ramin kuma 2165 ne. Don gudun ruwa, diyamitar ciki ake aunawa. Don ramin da bututu zai ratsa a bango, ta waje.

Akwai kuma TABLE, wanda ke MODE, 7. A rubuta πX² ÷ 4, harafin X yana kan maɓallin rufe baka tare da ALPHA, a ba da farko 8, ƙarshe 32, tazara 2, sai jadawali mai layi 13 ya fito. Yana da amfani ga mai son kwafe jeri zuwa takarda. Iyakarsa layi 30, idan aka wuce zai ƙi, ya ce wuri bai isa ba. Gidajen jadawalin matsattsu ne, sai an kai kibiya kan lamba kafin a ga cikakkenta a ƙasan allo, kuma da an fita daga wannan sashe ƙa'idar ta goge. Ga girma marasa tazara iri ɗaya, CALC ya fi shi.

Lissafin baya, daga fili zuwa diyamita, shi ne abincin mai aikin lantarki, tun da ana sayar da waya da girman yankanta. Wayar da aka rubuta wa murabba'in milimita 2.5, idan sili ɗaya ce, ya kamata tagullarta ta kai diyamita √(4 × 2.5 ÷ π), wato milimita 1.78. Idan mai sili bakwai ce, a auna sili ɗaya, a fitar da filinsa, a ninka da 7: sili mai 0.67 yana ba da 0.3526, bakwai ɗin 2.47. Kada a auna damin gaba ɗaya a ɗauke shi da'ira guda, akwai iska a tsakanin silin, amsar za ta fi gaskiya girma. A nan buɗaɗɗen akwatin alamar tushe yana taimako, domin duk abin da aka rubuta bayan √ yana zama ƙarƙashinta har sai an danna kibiyar dama. Na'urar tana da SOLVE, a SHIFT da CALC, wanda ke neman X ta hanyar Newton, wato ya fara daga wata lamba ya riƙa matsowa kusa da amsa, amma ba mu ga dalilin amfani da shi a nan ba. Ya fi jinkiri, yana iya kawo amsa mai alamar debewa idan aka fara shi daga lamba ƙasa da sifiri, kuma farawa daga sifiri na iya sa ya kasa.

Inda na'urar ta fi rauni shi ne ma'auni. Ba ta san mita ba, ba ta san milimita ba, lamba kawai take gani. Tana da sashen sauya ma'auni a SHIFT da 8, mai nau'i 40, inda 01 ke mayar da inci zuwa santimita, amma babu murabba'in inci zuwa murabba'in santimita a cikin jerin. Wanda ya lissafa filin da'ira mai inci 6, ya sami 28.27, sannan ya bi da amsar ta 01, zai sami 71.8. Gaskiyar ita ce 182.4, domin fili da 2.54 × 2.54 ake ninka shi, wato 6.4516. Ƙa'idar da ba ta ɓatarwa: a sauya diyamita tun farko, inci 6 ya koma santimita 15.24, sannan a shiga lissafin fili. Haka tsakanin milimita da mita: murabba'in mita ɗaya yana ɗauke da murabba'in milimita 1,000,000, ba 1,000 ba.

Allon ma yana ƙara wa wannan matsala nauyi ta ɓangare biyu. Ba ya raba manyan lambobi uku-uku, don haka gindin tanki mai diyamita milimita 1200 yana fitowa 1130973.355, sai an ƙirga da ido. Ƙananan lambobi kuma, a yadda aka saita na'urar daga kamfani, duk abin da bai kai 0.01 ba yana komawa sigar ninkin goma. Ramin bututun nan mai 52.5, idan aka lissafa shi da mita, zai fito 2.16475 da 'yan kai, tare da ×10⁻³ a gefen dama. Wanda bai lura da wannan wutsiya ba ya yi kuskure ninki dubu. A shiga SHIFT, MODE, 8, a zaɓi 2, wato Norm 2, sai ya koma 0.00216 a fili. Muna ganin wannan gyara ya kamata ya zama na farko da mai aikin hannu zai yi ranar da ya buɗe kwalin.

Game da guntule lamba, SHIFT, MODE, 6 yana ba da damar zaɓen yawan lambobin bayan ɗigo. Allo kaɗai yake shafa, na'urar tana ci gaba da riƙe cikakkiyar lambar a Ans, ma'ajiyar amsar ƙarshe, kuma haka ya dace. Tanki mai diyamita mita 1.2 yana da gindi murabba'in mita 1.13 idan an tsaya a lamba biyu. Idan tsayin ruwa mita 1.5 ne, danna × 1.5 × 1000 a kan Ans yana ba da lita 1696.46, wanda ya kwafe 1.13 ya sake rubutawa kuma zai sami 1695. Bambancin ƙarami ne a nan, amma a dogon lissafi yana taruwa, don haka a bar guntulewa sai a matakin ƙarshe.

Duk da haka, kada lambobi goman da ke allo su ruɗi kowa. Ingancin amsa yana hannun awo. Saboda ana ninka diyamita da kanta, kuskuren kashi 1 cikin 100 a awo yana zama kusan kashi 2 a fili: milimita 100 na ba da 7854, 101 kuma 8012. A ƙaramin abu lamarin ya fi tsanani. Kuskuren milimita 0.1 a waya mai 1.78 ya haura kashi 11 cikin 100 a fili, shi ya sa ba a auna waya da rula, sai da kalipa ko maikuromita. Tef ɗin da aka ɗora a bakin tanki, idan bai bi ta tsakiya ba, kullum gajeren awo yake bayarwa, don haka a riƙe kai ɗaya, a riƙa karkaɗa ɗayan har a sami awo mafi tsawo. Bututu ko ganga da ta ɗan lotsa a auna ta a wuri biyu masu giciye, a ɗauki matsakaici. Idan an auna diyamita da lambobi uku, lambobi uku na amsar ne abin dogaro, sauran bakwai ɗin a bar su a allo.

Domin kama tarkunan da aka ambata, yana da kyau a yi ƙiyasi a ka kafin a amince da allo. Da'ira tana cin kusan kashi 78.5 cikin 100 na murabba'in da ya kewaye ta, don haka amsa dole ta ɗan haura kashi uku cikin huɗu na d². Diyamita 10 na nufin ɗan sama da 75, kuma nan take 9.93 da 7.854 sun faɗi. Masarawan zamanin da suna da dabara makamanciyar wannan, wadda ke rubuce a tsohuwar takardar lissafinsu da ake kira Rhind: a cire kashi ɗaya cikin tara na diyamita, a ninka ragowar da kanta. Diyamita 9 ta koma 8, fili 64, ainihin amsar kuma 63.62. Kuskuren bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma har yau ta isa a binciki kalkuleta da ita.

Jikin na'urar roba ne, mara nauyi, da murfi mai zamewa da ke kare maɓallai a aljihu ko jakar kayan aiki. Allon ba shi da fitila, a wuri mai duhu karatunsa na wahala, kuma jajayen haruffan ALPHA ƙanana ne ƙwarai. Ba a yi ta don ruwa ko ƙurar siminti ba. Tana kashe kanta bayan kusan minti 10 ba a taɓa ta ba. Lambobin da aka adana a haruffa suna nan bayan ta mutu, amma ƙa'idar da aka rubuta don CALC ba ta dawowa, sai an sake rubutawa. Wannan rashi ne na gaske ga mai yin awo ɗaya, ya ajiye na'ura, ya dawo bayan rabin awa. Idan saitunan suka rikice, SHIFT, 9, 3, sannan = yana mayar da komai yadda ya zo, har da goge abin da aka adana.

Ɗalibin da buƙatarsa ba ta wuce π da x² ba, ƙanwarta fx-82ES PLUS ta ishe shi: allonsu iri ɗaya ne, tana da TABLE, amma ba ta da CALC. Wanda lambobi masu tsawo ke damun idonsa ya duba fx-991EX, wadda allonta ya fi kaifi kuma take iya raba lambobi uku-uku. Ga mai lissafin rodi, bututu, waya ko tanki a kai a kai, fx-991ES PLUS ta wadatar, da sharaɗin ya saita ta a Norm 2, ya riƙe x² maimakon xⁿ, kuma ya sauya ma'auni kafin ya taɓa π. Kafin shiga ɗakin jarrabawa da ita, a duba jerin na'urorin da hukumar jarrabawar ta amince da su, domin wasu hukumomin suna hana masu SOLVE ko da ba a iya shirya musu manhaja.